Shiga kayak (ƙaramin kwale-kwalen da ake tuƙawa da hannu) a Ada Foah ta Ghana don kallon tsuntsaye da kunkurun teku: wa ya taɓa yi?

Ɗan Nima: Assalamu alaikum 'yan uwa. Hutun Disamba nake so in kai ƙanwata Ada Foah, inda kogin Volta ke shiga teku. Karatun dabbobi take yi, burinta ta ga tsuntsayen tafkin Songor da ke kusa da garin da kunkurun teku. Ni na iya ruwa, ita ba ta iya ba. Mu ɗauki kayak mai zaman mutum biyu ne, ko jirgin inji? Kuma nawa ake biya?

Alhajin Madina: Wa alaikumus salam. Ku je Kribi ta Kamaru kawai, can ruwan Lobe yake zubowa kai tsaye cikin teku.

Ɗan Nima: Alhaji, daga Accra fa nake, tafiyar yini ɗaya muke nema.

Maman Humaira: Ɗana, ka saurare ni. Bara muka shiga da maigidana. Mai hayar ya ba mu rigar kariya mai tsinkakken maɗauri, bai ce mana ruwa na janyewa ba. Muna kusantar bakin kogin sai ruwan ya fisge mu yana ja zuwa teku. Muna tuƙi, kayak ɗin ko gezau. Salati kawai nake yi, ina tuna 'ya'yana. Wasu masunta ne suka jawo mu da kwale-kwalensu, Allah Ya saka musu. Wayata ta nutse, kuma mutumin nan ya ce sai mun biya sandar tuƙin da ta ɓata, bayan sidi 250 da ya karɓa.

Baban Zango: Sidi 250? Ni 100 na biya awa ɗaya.

Maman Humaira: Malam, rai nake magana, kai kana lissafin kuɗi.

Kumasi Boy: Bahaushe da teku? Mu da ko tafkin unguwa sai da addu'ar iyaye 😂

Malama Birds: Ɗan Nima, kayak ya fi don tsuntsaye, ƙarar inji korarsu take yi. Ku fita da sassafe, ku tsaya cikin kogi gefen itatuwan nan masu tsirowa a ruwan gishiri, da ɗan jagora. Disamba lokaci ne mai kyau, tsuntsayen da ke gudun sanyin Turai suna nan. Amma kunkuru da dare yake hawowa gaɓa ya yi ƙwai cikin yashi, da ƙafa ake zuwa tare da ma'aikatan gandun daji, ba a haska shi da tocila.

Baban Zango: Malama, kin taɓa shiga ko a littafi kika karanta?

Malama Birds: Na shiga, Baba. Kai kuma awa ɗayan nan ce ta mai da kai Sarkin Ruwa?

Alhajin Madina: Ni abin da ke ci mini rai ledar da ta cika gaɓar. Kunkuru yana haɗiye ta, yana zaton abincinsa ne, ta toshe masa ciki ya mutu.

Maman Humaira: Ledar fiya wata ce duk. Ku duba kwatar unguwar Nima ta Accra in an yi ruwa, ina kuke zaton take kai sharar?

Ɗan Nima: Mama, mai ɗibar shara ya yi sati biyu bai leƙo layinmu ba, kuma ya karɓi kuɗin wata.

Baban Zango: Nawa kuke ba shi? Mu an ƙara mana.