Yara biyu duk SS, ɗaya kullum a kwance ɗaya tana yawonta: me ya raba su?

Malamar Firamare, Sabon Gari

Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambayar da ta daɗe tana cin raina, ina roƙon wanda Allah ya ba ilmin abin ya taimake ni.

Ƴaƴana huɗu, biyu daga cikinsu masu emasi ne, amosanin jini. Babban namiji ne, shekararsa 11, ƙanwarsa 8. A takardar kowannensu SS aka rubuta. Uwa ɗaya uba ɗaya, tukunya ɗaya suke ci, randa ɗaya suke sha. Amma da hunturu ya sauko mana nan Zinder, Disamba zuwa Janairu, yaron ba ya da sauran sukuni. Ciwo ya kama shi a ƙugu da ƙwauri da gadon baya, ya yi ta kuka har murya ta dishe, idonsa ya yi ɗorawa, sai an kai ga ƙarin ruwa, wani lokacin har ƙarin jini. Tun yana wata bakwai hannuwansa suka fara kumbura. Bara sai da ya maimaita aji saboda kwanciya. Ita kuwa yarinyar, in ba faɗa maka aka yi ba, ba za ka sani ba. Takan gaji da wuri, amma lakwal ba ta fashi, da yamma tana cikin ƴan gaɗa a ƙofar gida.

Dangin mahaifinsu sun ce wannan bambancin shi ke nuna ciwon yaron ba emasi kaɗai ba ne, akwai hannu a ciki. Zuciyata ba ta yarda ba, amma ba ni da amsar da zan ba su.

Na biyu, ƙanena da ke Yamai ya turo mini a WhatsApp cewa an samo maganin da ke raba mutum da cutar kwata-kwata a Amurka. Tun ranar maigida ke maganar sayar da filinsa na hanyar Mirya. Gaskiya ne akwai maganin? In akwai, irinmu na iya samu?

Malamin Kimiyya, Birni

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya yaye wa yaro, ya ba ku ladan jinya. Babu hannun kowa a ciki. Abin da kike gani a ɗakinki shi ne tambayar da masu bincike suka shafe shekaru suna bi, kuma amsarta ce ta haifi maganin da ƙanenki ya ji labari.

Cikin kowace jar ƙwayar jini akwai emoglobin, shi ke ɗauko iskar oksijin daga huhu ya rarraba wa jiki. Na mai SS, wanda ake kira emoglobin S, wuri ɗaya tak ya saɓa da na sauran mutane, a gurbi na shida na sarƙar da ake kira beta; Vernon Ingram ya tabbatar da haka a Ingila a 1957. Muddin yana ɗauke da oksijin lafiya lau. Da ya sauke, sai ya manne wa ƴan'uwansa su yi dogayen sanduna a cikin ƙwayar, su tanƙware ta ta koma siffar lauje, ta yi tauri. Ta isa huhu ta miƙe, ta dawo ta sake tanƙwarewa. A kwana a tashi fatarta ta lalace, ruwan cikinta ya riƙa zurarewa, kuma duk yadda ta bushe haka mannewar ke ƙara sauri. Shi ya sa ƙishirwa ke tayar da ciwon. Lafiyayyar ƙwaya kwana 120 take yi, ta mai SS 10 zuwa 20 ta fashe. Ƙarancin jinin da ɗorawar idon daga nan suke.

Da can an ɗauka taurin laujen kaɗai ke toshe hanya. Binciken shekarun nan ya nuna abin ya fi haka. Bangon jijiyar kansa yana yin danƙo, yana fitar da wani furotin mai suna P-selektin, fararen ƙwayoyin jini su liƙe a jikinsa, su kuma su cafke jajayen da ke wucewa. Emoglobin da ya zube daga fasassun ƙwayoyi yana cinye sinadarin da ke sa jijiya ta buɗe. Sanyi ya zo ya ƙara tsuke ta. Kamar amalanken ruwa ce ta tsaya a lungun Birni, na baya duk su cushe. Naman da jini bai isa gare shi ba, shi ke wannan zogin.

To ga abin da nake jin ya raba ƴaƴanki. Jariri a ciki yana da nasa emoglobin daban, ana ce masa F, kuma F ba ya shiga cikin sandunan nan, hana su haɗuwa ma yake yi. Wata likitar yara a New York, Janet Watson, ta lura tun 1948 cewa jinin sabbin jarirai ba ya saurin yin lauje. Bayan haihuwa jiki yana rage F a hankali, wajen wata shida ya yi ƙasa sosai. Ki duba lokacin da hannun ɗanki ya fara kumbura. Sai dai ba kowa ne F ɗinsa ke sauka daidai da na wani ba, kuma wanda nasa ya rage da ɗan yawa ciwonsa yakan zo da sauƙi. A 2007 da 2008 aka gano babban mai rufe F: furotin BCL11A, wanda Stuart Orkin da abokan aikinsa a Boston suka nuna yadda yake aiki. Ƙwayar gadon emasi tana kan kuromozom (zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado) na 11, ta BCL11A tana kan na 2, kowacce hanyar gadonta daban. Saboda haka yara biyu na iya karɓar S da S iri ɗaya daga gare ku, amma ɗaya ya gaji BCL11A mai rufewa ruf, ɗayar ta gaji mai sassauci. Akwai wasu ƙwayoyin gadon da ke sa baki, amma wannan na cikin manya.

Maganin Amurka gaskiya ne, sunansa Casgevy. Ana ɗebo ƙwayoyin ɓargon mutum da ke haifar da jini, a yi amfani da fasahar CRISPR a yanke ɗan wurin da ke kunna BCL11A a cikinsu, a mayar masa, sai jikinsa ya koma yin F da yawa. Cikin masu emasi, wata mata mai suna Victoria Gray aka fara yi wa a 2019. Ingila ta amince da shi a Nuwamba 2023, Amurka ranar 8 ga Disamba 2023. A gwajin da aka dogara da shi, 29 cikin 31 sun yi aƙalla shekara guda ba tare da mummunan ciwo ya tashi ba. Amma kuɗin da aka sa masa a 2023 dala miliyan 2.2 ne, ya haura miliyar ɗaya ta sefa. Kafin a mayar da ƙwayoyin sai an kashe tsohon ɓargon da magani mai ƙarfi wanda kan hana haihuwa, mutum ya yi makonni a asibiti. Lasisin 2023 ɗin ma na ƴan shekara 12 zuwa sama ne. Don Allah ki roƙi maigida ya bar filinsa.

Abin da na fi so ki riƙe: akwai tsohon magani na haɗiya, idroksiyure, a kwali za ki ga Hydrea ko Siklos, shi ma F yake ɗagawa, yana kuma rage fararen ƙwayoyin nan masu liƙewa. Ba ya warkarwa, amma yana rage tashin ciwo ƙwarai. An gwada shi kan yara wajen 600 a Angola, Kwango, Kenya da Uganda, sakamakon ya fito a 2019: ciwo ya ragu, ƙarin jini ya ragu, mace-mace sun ragu, har masassarar cizon sauro ta ragu. Abin na ƙona mini rai, muna ta yaɗa labarin maganin miliyar alhali yaranmu da yawa ko sunan wannan iyayensu ba su taɓa ji ba.

Hajiya, Zango

Ɗiyata sannu da ɗawainiya. Ni na haifi uku masu shi, biyu sun koma tun suna ƙanana, ɗaya Allah ya raya mini, yau yana da iyalinsa yana ɗinki a Kasuwar Dole. Zancen akwai hannu, babu irin wanda ban ji ba. An ce mayu, an ce iska, an ce daga wajena ne. Kada ki tsaya musu da surukai, ki ja mahaifin yaran ku je gaban lokotoro ya ji da kunnensa cewa rabi daga gare shi ne rabi daga gare ki. Shi zai kashe maganar a gidansu, ba ke ba.

Da hunturu ban taɓa barin nawa ya yi wanka ko alwala da ruwan randa ba, sai an ɗumama. Safa da hula tun asuba. Goran ruwansa a jakar lakwal, na je da kaina na roƙi malaminsa ya bar shi ya sha ya fita fitsari duk sanda ya so. Ke malama ce, kin fi ni sanin yadda yara ke jin tsoron tambaya.

Kuma ku ƴan zamani, ku yi gwajin nan kafin a sa rana. Mu ba mu samu ba.

Ma'aikacin Labo

Malam ya yi bayani mai kyau, amma ina so a taka a hankali a wurare biyu.

Kafin a ce F ne ya raba su, Malama ki duba wane gwaji aka yi. Gwajin Emmel da aka fi yi a ƙananan wurare yana nuna akwai S ne kawai, ba ya bambanta AS da SS. Gwajin elektiroforez ne ke rabewa. Kuma a Afirka ta Yamma muna da emoglobin C. In ɗayanku SC ne bai sani ba, yara na iya fitowa ɗaya SS ɗaya SC, kuma SC yakan zo da sauƙi a ƙuruciya, ko da yake yana da nasa haɗarin, musamman a ido. Ku huɗun ku yi, iyaye da yara, har da sauran biyun in ba a yi musu ba. A jira wata uku bayan ƙarin jini, in ba haka ba jinin wani za a auna.

Na biyu, ba kowane abin da aka gano a ƙarƙashin madubi ne ke zama magani mai amfani ba. An yi allura don toshe P-selektin ɗin da Malam ya ambata, Amurka ta amince da ita a 2019, amma da aka yi babban gwaji ba ta fi ruwan banza ba, Tarayyar Turai ta janye lasisinta a 2023. Wani kuma mai suna Oxbryta kamfanin Pfizer ya janye shi daga kasuwannin duniya a Satumba 2024 saboda fargabar illa. Duk wanda ya kawo miki sabon abu a waya, ki tambayi likita tukuna.

Idroksiyure na yarda da shi, amma ba na saye a sha kai tsaye ba ne. Da nauyin yaro ake auna shi, kuma dole a riƙa ƙirga ƙwayoyin jini lokaci-lokaci, don yana iya saukar da farare fiye da kima. Wani abin da ya fi gaggawa: saifar mai SS tana mutuwa tun yana ƙarami, ita ce kuwa ke tace wasu ƙwayoyin cuta. Zafin jiki ya kai 38.5, asibiti a daren, kada a jira safiya. Wannan har da yarinyar da kike gani garau.

Malamar Firamare, Sabon Gari

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ƙara miki lafiya. Shawararki zan bi. Na ɗauko takardun, na yaran elektiroforez ne, amma babu inda aka rubuta adadin F, mu iyaye kuma Emmel kawai aka yi mana. Na karanta wa maigida bayanin Malam, ya yi shiru, daga baya ya ce a nemi ganin likitan yara. Sai dai wata maƙwabciyata ta ce Hydrea maganin kansa ne, wato ciwon daji, kuma yana jawo ta. Wannan ya tsorata ni.

Malamin Kimiyya, Birni

Rabin maganarta gaskiya ne Malama. An fara amfani da shi ne wajen wasu cututtukan kansar jini, shi ya sa za ki ga haka a takardar cikin kwali. Amfaninsa ga emasi an tabbatar da shi a babban gwaji a Amurka a 1995, inda tashin ciwo ya ragu da kusan rabi, aka kuma ci gaba da bibiyar mutanen fiye da shekara 15. Waɗanda suka daɗe suna sha sun fi tsawon rai, kuma ba a ga kansa ta yawaita a cikinsu ba. Nan kusa da mu ma, a Kano, an yi bincike kan ba yara shi don kare su daga shanyewar ɓarin jiki. Abin da ya kamata ki tambaya a fili shi ne zancen haihuwa, don yana iya rage ƙwayoyin maniyyi ga namiji, kuma ba a son sa ga mai ciki.

In kun je, ki riƙe littafin asibitin yaron da ya nuna kwanciyarsa da ƙarin jinin da aka yi masa, ki nemi a rubuta musu gwajin da ke fitar da kason F su biyun, ki tambaya ko yaron ya cancanci fara maganin da kuma inda za a riƙa ƙirga masa jini. In abin ya fi ƙarfin nan, akwai cibiyar ƙasa ta masu emasi a Yamai, likitan zai iya tura ku da takarda.