Gefen daɓen tsakar gida ya tsage ya ɗago: gyara ko rushewa?

Alhaji Sani, Tawa: Jama'a, assalamu alaikum. Gefen simintin da ya zagaye daɓen tsakar gida, wajen mita 6, ya tsage wuri uku, wani ɓangare ya ɗago kamar yatsa biyu. Akwai dogon yaro kusa. Mene ne abin yi?

Malam Idi magini: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada a taɓa siminti tukuna, a fara haƙa gefen a gani. A Tawa abu biyu ne yawanci: ko saiwar dogon yaro ta shiga ƙarƙashi ta tura, ko ruwan indararo ya kwashe ƙasar da damina. In saiwa ce, a yanke ta, a haƙa rami mai zurfin santimita 50 tsakaninta da daɓen a jera bulo. Wanda ya ɗago ba ya komawa, fasa shi za a yi. A zuba jar ƙasa santimita 10, a yayyafa ruwa, a daddaɓe ta sosai kafin a kafa katakon da za a zuba sabon siminti a ciki.

Hamisu: Gaskiyar Malam ce. Kwaɓin: buhun siminti ɗaya mai kilo 50, ko na kamfanin Malbaza ko wani, baro ɗaya na yashi, biyu na tsakuwa, ruwa kamar lita 25. Yaran aiki na son ƙara ruwa don ya yi saukin zubawa, to shi ke kawo tsagewa in ya bushe. Rodi mai lamba 8 (kaurin milimita 8) guda biyu a tsakiyar kwaɓin, ba kwance a ƙasa ba. Kowace mita 2 a bar tsaga, don siminti na motsi da zafi.

Malam Idi magini: Ƙananan tsagun da ba su ɗago ba kuwa, a buɗe bakinsu da guduma da cizal, a wanke ƙurar, a jiƙa, a shafa kunun siminti, sannan a cika da kwaɓi: siminti ɗaya, yashi uku. Shafe a kan busasshiyar ƙura, kafin wata guda ya ɓamɓare.

Hajiya Rabi: Kun manta ban ruwa. A zafin Afrilu ko da hunturu, a yi zubin da la'asar, a rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara, ruwa safe da yamma har kwana 7. A kuma hana yara da awaki hawa.

Alhaji Sani, Tawa: Na gode. Itacen fa, sai an sare shi?

Malam Idi magini: A'a, Alhaji, inuwa tsada gare ta a Tawa. Saiwar da ta shigo kawai, kuma kada a yanke ta dab da gindi.