Neman kalmar Hausa: tayar tsere mai izinin titi, da abin da ke samunta a cikin ruwan sama

Mai Fassara:
Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina fassara wani rahoto da za a watsa a shirinmu na rediyo ranar Juma'a, kuma kalmomi uku sun gagare ni. Rahoton yana magana ne a kan Amurkawa masu tuƙa motocin da suke kira "hot rod", wato tsofaffin motoci, galibi ƙirar Ford ta shekarun 1920 da 1930, waɗanda aka rage musu nauyi aka kuma ɗora musu inji mai ƙarfi. Al'adar ta faro ne a kudancin jihar Kalifoniya, inda samari suke tsere a busassun tafkunan hamadar Mojave tun kafin yaƙin duniya na biyu. "Hot rod" ɗin ita ce kalma ta farko. Ta biyu ita ce "drag radial", tayar baya da aka ƙera domin tseren miƙaƙƙiyar hanya mai tsawon rubu'in mil, wato mita 402, amma tana ɗauke da tambarin DOT na ma'aikatar sufuri ta Amurka, saboda haka doka ba ta hana a hau titi da ita ba. Ta uku kuwa "hydroplaning", abin da ke faruwa da irin wannan taya idan ruwa ya kwanta a kan kwalta. Ina neman shawararku kafin daren Alhamis.

Bakanike:
Wa alaikumussalam Malama. A gareji da mun ga irin wannan mota sai mu ce akwala ce aka yi wa kwaskwarima. Ita kuwa tayar, "suɗaɗɗiyar taya" ta isa, tunda kusan ba ta da zane.

Tsohon Direba:
Ɗana, akwala mota ce da ta gaji, wadda ake turawa kafin ta tashi, alhali mai Ford ƙirar 1932 da injinta na silinda takwas yana kashe mata kuɗin da ya fi na sabuwar mota. Suɗaɗɗiyar taya kuma ita ce wadda hanya ta cinye. Wannan da gangan aka yi ta haka tun daga masana'anta, domin roba mai yawa ta taɓa ƙasa a lokacin tashi. Idan Malama ta ce suɗaɗɗiya, mai sauraro zai ɗauka talauci ne ko sakaci ya hana mai motar sayen sabuwa, kuma labarin ya karkace ke nan.

Malamin Harshe:
Kafin a yi nisa, ina roƙon a dubi kalmar "taya" ita kanta, domin aro ce daga Ingilishi, alhali Bahaushe yana da "ƙafar mota" tun ranar da ya fara ganin mota. Game da tseren kuma, ko da yake "drag" tana nufin ja a Ingilishi, kada a fassara shi da "tseren ja", domin babu abin da ake ja. Abin da ake gwadawa shi ne yadda mota take fizga daga tsaye, don haka ina ba da shawarar "tseren fizga", tayar kuma a kira ta "ƙafar fizgau", bisa tsarin kalmomi irin su "fiɗɗau" da "mantau". Motar kuwa "tsohuwar zuma" ta dace da ita, tunda kowa ya san da ita ake magani. Idan kuma ana son a nuna matsayinta a doka, sai a ce "halastacciyar ƙafar fizgau".

Bakanike:
Allah ya gafarta Malam, ba na jayayya da iliminku, amma ƙafar mota ta haɗa da wili da roba baki ɗaya. Idan ka je wurin mai faci ka ce a canja maka ƙafa, sai ya tambaye ka ko wilin ne ya lanƙwashe. Birki da totur da giya da sitiyari duk aro ne, kuma babu direban da ya taɓa jin kunyar faɗarsu.

Malamin Harshe:
Rashin jin kunyar nan shi ne damuwata. Kowace shekara ana shigo mana da kalmomi ba tare da an tace ba, kuma gidajen rediyo su ne ƙofar da suke bi. Idan mai fassara bai ƙirƙiri kalma a ranar da abu ya fara shigowa harshe ba, ba zai sake samun damar ba har abada, domin bakin mutane ya riga ya saba da ta aro. Ba daidai ba ne a ce gareji ne zai riƙa yanke wa harshe hukunci.

Mai Karatu daga Damagaram:
Malam, da girmamawa, gareji ya fi aji yawan masu magana a kan mota. Sannan ku tuna shirin ba a Kano kaɗai ake jin sa ba. Mu nan Nijar wanda ya yi makarantar tuƙi ya san kalma ta uku da sunanta na Faransanci, "aquaplanage", kuma duk kalmar da za ku ƙirƙira a can sai ta zama wadda direban Maraɗi ko Damagaram zai gane da jin farko, ba wadda sai an buɗe ƙamus ba. "Fizga" na karɓe ta hannu biyu. "Fizgau" kuwa a kunnena ta fi kama da laƙabin mutum.

Mai Fassara:
Na gode muku duka, amma ina so in dawo da mu ga abin da ya fi damuna, wato kalmar "halastacciya". Dukan rahoton a kan wannan gaɓar aka gina shi. Tambarin DOT yana nuna cewa tayar ta cika mafi ƙarancin sharuɗɗan hawa titi ne kawai, ba ya nufin ta dace da damina. Sabuwar tayar mota ta yau da kullum tana zuwa da zane mai zurfin kusan milimita 8, da ramuka masu kore ruwa zuwa gefe. Tayar tseren nan zanenta bai kai haka ba, a wasu ma 'yan layuka ne ƙalilan, ga ta da faɗi, ga roba mai taushi wadda sai ta ɗauki zafi take kama ƙasa sosai, shi ya sa suke murza ta har ta yi hayaƙi kafin tsere. Ruwan sama yana sanyaya ta, kuma ba ta da hanyar fitar da shi. Idan na ce "halastacciya", Bahaushe zai ji kamar an wanke ta daga kowane aibi, wannan kuwa akasin saƙon ne.

Tsohon Direba:
Gaskiyarki 'yata. A ƙara da cewa waɗannan motoci da ƙafar baya suke ja, bayansu ba shi da nauyi, tayoyin gaba sau da yawa sirara ne, kuma asalinsu ba su da na'urorin zamani masu hana birki cijewa ko taya zamewa. Ɗan taɓa totur a kan kwana ya isa bayan motar ya juyo gaba. Kalma ta uku kuwa, kada a ce "santsi" kawai, domin a santsi taya tana ƙasa tana zamewa, a nan kuwa ruwa ne yake taruwa a gabanta har ya ɗaga ta, ta rabu da kwalta gaba ɗaya, sitiyari ya yi sakayau a hannu, birki ya zama ba shi da abin kamawa. Ni dai sai in ce taya ta hau ruwa.

Bakanike:
Baba ya faɗi daidai, kuma iska tana da hannu a ciki. Masu tseren suna rage iskar tayar baya domin ta baje. Akwai lissafin da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA, ta fitar a 1963 a kan tayoyin jiragen sama, wanda ya nuna cewa gudun da taya take fara hawa ruwa yana raguwa idan iskarta ta ragu. Bisa wannan lissafi, mai awo 36 a geji tana kaiwa kusan kilomita 100 a awa kafin ta fara hawa ruwa, mai awo 16 kuwa wajen kilomita 66. Wanda ya baro filin tsere bai ƙara iska ba, hadari ya tarar da shi a hanya, yana cikin haɗari tun a gudun da ba a ɗauke shi gudu ba.

Malamin Harshe:
"Taya ta hau ruwa" jumla ce, ba suna ba, kuma idan aka mayar da ita "hawan ruwa" za a zaci ambaliya ake nufi. Na fi son "iyon taya". Amma na janye "halastacciya", domin hujjar Malama ta fi tawa ƙarfi a wannan wurin. "Fizgau" ce ban janye ba.

Mai Fassara:
Ga abin da zan karanta ranar Juma'a. Tseren zai zama "tseren fizga", kamar yadda Malam ya kawo. Tayar za ta zama "tayar tseren fizga mai izinin hawa titi", in biyo ta da jumla guda mai bayyana cewa izinin bai shafi ingancinta a cikin ruwa ba. Zan yi amfani da "taya ta hau ruwa" a duk inda jumla ta ba da dama, in kauce wa sunan gaba ɗaya. Motar kuwa zan faɗi sunanta na Ingilishi sau ɗaya a farko, daga nan in ci gaba da "tsohuwar motar da aka ƙara wa ƙarfi", domin "tsohuwar zuma" tana yabo ne, rahoton kuma gargaɗi yake yi.

Malamin Harshe:
Kalmomi bakwai domin taya guda sun yi yawa a bakin mai gabatarwa, kuma motar har yanzu ba ta da suna a Hausa. Na yarda a watsa haka saboda lokaci ya ƙure, amma ina roƙon a bar maganar "fizgau" a buɗe har bayan an ji abin da masu sauraro za su ce.