Ɗana ba ya zama wuri ɗaya, kuma abin ƙaruwa yake

Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa 6, na rasa yadda zan yi da shi. A aji ba ya iya zama, kullum malamarsa cikin kawo ƙara take. Da an tayar da injin markaɗe sai ya toshe kunnuwa yana ihu, har ya buga kansa da bango. Wani lokacin kuma ya ƙura ido na 'yan daƙiƙoƙi, a kira sunansa shiru, sannan ya dawo kamar ba komai.

An yi faɗa, an yi ruƙiyya, mun hana shi waya. An gwada jinsa, lafiya lau. A asibiti aka ce ƙuruciya ce kawai, ni dai ban gamsu ba.

Don Allah wane likita ne zai bambance mana ko galahanga ce, ko ADHD (matsalar rashin natsuwa da kasa mayar da hankali), ko farfaɗiya?