Cetyl alcohol: wane suna za mu sa masa da Hausa?

Jama'a masu haɗa man shafawa ku zo mu yanke shawara, don wlh wannan sunan yana jawo wa mutane asarar ciniki. Kwastoma ta juya robar mai ta ga alcohol a jiki sai ta ajiye, wai ba za ta yi sallah da giya a jikinta ba, kuma ba za ka ga laifinta ba tunda abin da ta karanta kenan.

Alhali abin nan ko ruwa ba shi ba ne. Fari ne ɓarɓashi ɓarɓashi kamar an kankare kyandir, sai an ɗora a wuta ya kai wajen digiri 49 yake narkewa, ba ya bugarwa ba ya bin iska. Aikinsa ya sa mai ya yi kauri, ya taimaka ruwa da mai kar su rabu, fata ta yi laushi. Wani Bafaranshe Chevreul ne ya fara fitar da shi a 1817 daga maiƙon wel, ƙatuwar dabbar nan ta teku, yanzu kuwa daga man kwakwa da man ja ake samunsa galibi. Masana kimiyya dangi guda suke nufi da alcohol, na giya kabon 2 gare shi, wannan 16.

Toh wani ya kawo barasar mai. Haba malam, ai gara a bar Turancin, wa zai sayi abin da aka rubuta barasa a kai? Wata hajiya ta ce kitsen kwakwa, ya yi daɗin faɗa amma kitse a kunnen Bahaushe na dabba ne, sai a koma tambayar na wace dabba, an yanka ko mushe ce, ga shi kuma ba kullum daga kwakwa yake ba.

Ni dai kakin mai na zaɓa. Kowa ya san kakin zuma, ya san yadda yake daskarewa ya narke, kuma sunan zai ɗauki 'yan uwansa stearyl da cetearyl, sai ka ce kakin mai na cetyl in kana son bambancewa. Na san za a tsokane ni da kakin soja da kakin majina, amma ai na zumar ma bai taɓa ruɗa kowa ba. Masu buga lebul ku rubuta kakin mai kusa da na Turancin, wanda ke da wanda ya fi wannan ya kawo mu gani.