Tamoxifen ne ko ƙiba ce ke ɗaga sinadaran hantar yayata?

Assalamu alaikum. Likitoci da masu gwajin jini, ku taimaka mini.

An yi wa yayata aikin dajin mama, ta gama kemo (maganin kashe ƙwayoyin daji), yanzu wata tara ke nan tana shan tamoxifen, maganin rage haɗarin dawowar dajin, 20mg kullum. Tana da ƙiba sosai, kilo 104. Kafin ta fara maganin, ALT ɗinta (sinadarin hanta da ake aunawa a jini) 31 ne. Watan jiya ya kai 86, AST 64, GGT ma ya hau (su ma sinadaran hanta ne), ALP kuwa, wanda kan hau idan ciwo ya taɓa hanta ko ƙashi, yana daidai, abin da ya ɗan kwantar mini da hankali game da ƙashi.

An gwada ciwon hanta nau'in B da C, ba ta da su. Hoton ciki ya nuna kitse a hanta, ba a ga ƙari ba. Ta daina jiƙon da ake kawo mata, ta bar lemon kwalba da soye-soye, ta rage kilo uku, amma da aka maimaita gwajin ko gezau.

Na san tamoxifen yana tara kitse a hanta, ƙiba ma haka. Ganin likitanta sai bayan mako bakwai, ita kuma tana son ajiye maganin, ni ina hana ta.

Wane gwaji ne zai nuna wanne daga cikin biyun ke ɗaga lambobin nan?