Waɗanda hukuma ta hukunta ba a ji ta bakinsu ba: yaya kuka ƙare?

Tsohon ma'aikaci: Salamu alaikum. Duk wanda wata hukuma ta taɓa kora ko ta ƙwace wa lasisi ba a saurare shi ba, don Allah ya ba mu labari. Ni takardar sallama kawai na tarar a kan tebur, ba takardar neman ba'asi, ba kwamiti. Lauya ya ce akwai magana, amma ina tsoron wahalar banza.

Ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam, Baba. Ni kam an kira ni gaban kwamiti, sai na tarar wanda ya rubuta rahoto a kaina shi ne zaune a kujerar shugaba, rahoton na gabansa a kife. Shi ne mai ƙara, shi ne alƙali. Na ce a ba ni in karanta, aka ce sirri ne. To me zan kare? A kan waɗannan biyun kotu ta soke hukuncin ƙwace min lasisi, laifin da ake zargina da shi ko kallonsa ba ta yi ba.

Wata uwa: Mu jinkiri ne ya cinye mu. An kori ɗana daga makaranta, muka yi ta kai takardun roƙo ana cewa ana dubawa. Ko da muka isa kotu, aka ce lokaci ya wuce.

Lauya: Allah ya ba da haƙuri, Hajiya. Wa'adin shigar da irin wannan ƙara ta ƙalubalantar hukuncin hukuma gajere ne, a Ingila da ƙasashe da dama da suka gaji dokarta wata 3 ne, kuma takardar roƙo ba lallai ta tsayar da agogon ba.

Baba, maganarka tana da tushe. A 1963 kotun ƙolin Birtaniya ta lokacin ta ce korar Charles Ridge, shugaban 'yan sandan Brighton, ba ta halatta ba, don ba a faɗa masa tuhumar ba kuma ba a saurare shi ba. Tun 1863 ma wani Cooper ya yi nasara a kan hukumar da ta rushe masa gini ba ta ji ta bakinsa ba, alhali shi ma bai ba da sanarwar fara ginin da doka ta ce ya bayar ba. Sai dai ka sani, hanyar da aka bi kotu ke dubawa. Tana iya soke hukuncin, ko ta tilasta hukuma yin aikinta, ko ta hana ta ci gaba, amma galibi can za a mayar da kai a sake zama. Kuma a fara duba takardar ɗaukarka aiki, ko doka ce ta tsara yadda za a sallame ka.

Ma'aikaciyar jinya: Haka aka yi min, Barista. Sabon kwamiti ya zauna, aka ba ni rahoton, na zo da shaiduna. An ba ni takardar gargaɗi dai, amma lasisina ya dawo.